Me ya sa babu mutane a tsofaffin hotunan kangayen Rum?

Malamar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da iyayena da yayyena da ke wannan zaure, da fatan an yini lafiya. Ni malama ce da ke koyar da tarihi a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Gusau, kuma a wannan zangon karatu ne muka kawo kan darasin daular Rumawa. Da yake littafin da ke hannunmu hoto ɗaya tak ya kawo, shi ɗin ma ya dushe, sai na shiga intanet neman abin da zan nuna wa ɗalibai. A nan ne na ci karo da wasu tsofaffin hotuna, yawancinsu masu launin ƙasa-ƙasa, waɗanda aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa an ɗauke su a birnin Rum na ƙasar Italiya tsakanin 1842 da 1860. Sun shiga raina ƙwarai, har na buga guda shida a takarda na kai aji.

Abin da ya kawo ni gabanku shi ne tambayar da wata ɗaliba ta yi mini, wadda na kasa amsawa. Yarinyar ta ɗaga hoton dandalin Forum, inda wasu ginshiƙai uku suke tsaye su kaɗai, ta ce yaya za a yi gari guda a ce babu ko mutum ɗaya a kan hanya, babu doki, babu kare, kuma sararin sama fari fat kamar takarda, ko gajimare babu? Ta ce anya ba kwamfuta ce ta ƙirƙiro su ba, kamar yadda ake yi a yanzu? Da na koma gida na sake dubawa a tsanake, sai ni ma na ga abubuwan da suka ɗaure mini kai. A hoto ɗaya, rubutun da ke saman Ƙofar Titus a juye yake, kamar an dube shi a madubi. A wani kuma, cikin Kolosiyam, wato babban filin wasan nan mai kewaye, ƙasa a shafe take sumul, da gicciye a tsakiya da wasu 'yan ƙananan ɗakuna a gefe-gefe, ga ciyayi da ƙananan itatuwa sun tsiro a kan katanga, alhali a hotunan yau tsakiyar wurin a rarake yake, ana hango lunguna a ƙarƙashi. Haka nan kusa da Ƙofar Constantine akwai wani dunƙulallen gini mai kama da ƙaramar dala, wanda ban gan shi a ko ɗaya daga cikin hotunan zamani ba.

Don Allah masu sani su taimaka mini. Shin waɗannan hotuna na gaskiya ne? Idan na gaskiya ne, ina mutanen suka shiga, kuma me ya sa gine-ginen suka bambanta da na yau? Abin da ya fi damuna shi ne kada in ɗora wa yara abin da ba shi da tushe da sunan hujjar tarihi.

Tsohon Mai Hoto ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, 'yata, Allah ya yi muku albarka ke da ɗalibar taki, domin tambayarta tambayar mai ido ce. Ni ban taɓa taka Italiya ba, amma na yi shekara fiye da arba'in ina sana'ar hoto a Kano, kuma da akwatin katako mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle na fara, saboda haka abin da ya shafi kyamara zan iya ba ki amsarsa cikin natsuwa. Irin hotunan da kika siffanta sanannu ne a tarihin sana'armu, kuma mutanen da ɗalibarki take nema suna nan a kan hanya lokacin da aka ɗauka, kyamarar ce ba ta da saurin da za ta kama su.

A watan Agusta na 1839 aka bayyana wa duniya, a birnin Paris, hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre, wadda ake kira dagerotaif. Faranti ne na jan ƙarfe da aka lulluɓe fuskarsa da azurfa, a goge shi har ya zama madubi, a turara shi da aidin, a sa shi cikin akwati, a buɗe idon kyamara, sannan a zauna a jira. Bayan an rufe sai a turara shi da tururin zaiba mai ɗumi, hoton ya bayyana. A shekarun farko jiran yakan kai minti biyar, ko goma, ko fiye, ko da rana tana tsaka. To, mutumin da ya ratsa gaban kyamara cikin 'yan daƙiƙu, hasken da ya taso daga jikinsa bai isa ya bar wata alama a kan faranti ba, amma ginshiƙin da ke bayansa yana nan tun daga buɗewa har rufewa. Na ga ƙaramin misalin wannan da idona sau ba adadi: in cire murfin gilashi ina ƙirga ɗaya, biyu, uku, yaro ya waiwaya wajen uwarsa, in wanke hoto in tarar da riga da hannuwa garau amma fuska ta zama hayaƙi. Idan daƙiƙa uku ta yi haka, sai ki ƙiyasta abin da minti goma zai yi. Wannan ne ya sa kangaye suna cikin abubuwan da masu hoto suka fara bi, tun kafin a iya ɗaukar fuskar mutum yadda ya kamata, domin dutse ba ya motsi.

Ki duba launin hoton nan da rubutunsa ya juye, ina kyautata zaton za ki ga toka-toka ne mai ƙyalli, ba ƙasa-ƙasa ba. Dagerotaif ba shi da nagatif, wato asalin ɗauka da ake fitar da kwafi daga jikinsa, farantin da ya shiga kyamara shi ne hoton, shi ya sa dama take komawa hagu, sai fa idan mai ɗauka ya sa madubi a gaban gilashi. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Alexander John Ellis ya tara irin waɗannan farantai fiye da 150 a Italiya a 1840 da 1841, wasu ya ɗauka da kansa, wasu kuma aikin mutanen Rum ne guda biyu, Achille Morelli da Lorenzo Suscipj, kuma yanzu suna gidan tarihin hoto da ke Bradford. A 1842 Bafaranshe Girault de Prangey ya sauka a Rum da nasa kayan kafin ya wuce Girka da Masar da Sham. Matsalar ita ce kowane faranti kwafi ɗaya ne tak a duniya. Don haka masu buga littafi, irin su Lerebours na Paris, sai su ba masu sassaƙa zane su kwafe shi a kan ƙarfe, su kuwa masu zanen sai su ƙara mutane da dawaki da gajimare da hannunsu domin kada wurin ya yi kama da maƙabarta. Kin ga ke nan, hoton da aka ce na 1841 ne kuma ya cika da jama'a, shi ya fi cancanta a tuhuma.

Masu launin ƙasa-ƙasa kuwa daga wata hanya suka fito. Fox Talbot na Ingila, wanda tunanin ya zo masa a 1833 a bakin tafkin Como na Italiya lokacin da zanen hannu ya gagare shi, ya yi rajistar kalotaif a 1841. A nan takarda ce nagatif, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi, sai a shafa mata kakin zuma domin haske ya ratsa, a kifa ta a kan wata takardar da aka jiƙa da ruwan gishiri da na azurfa, a shanya su a rana, a sami kwafi nawa ake so. Da irin wannan Calvert Jones ya ɗauki Kolosiyam a 1846. Mu ma da nagatif na takarda muka yi aiki a akwatin katako, don haka na san laushin da zaren takarda yake ba hoto, wanda yake sa gefen dutse ya yi kamar an zana shi da gawayi. A 1851 Scott Archer ya fito da kolodiyan, wani magani da ake malala wa a kan gilashi, hoto ya fito tar cikin 'yan daƙiƙu, amma dole a shafa, a ɗauka, a wanke tun yana da danshi, kamar cikin minti goma, saboda haka sai mutum ya tafi da ɗakin duhunsa a keken doki ko tanti. A zafin Rum na bazara maganin yakan bushe da wuri, shi ya sa da yawa daga masu hoton garin suka daɗe a kan takarda ko busasshen gilashi mai farin ƙwai, suka haƙura da dogon jira.

Saura batun sama. Magungunan wancan zamani shuɗin haske suka fi ji, kore da ja kuwa da ƙyar suke kama su. Kafin dutse ya fito, sama ta riga ta ƙone, ganyen itace kuma ya yi baƙi ƙirin, jan bulo ya yi duhu fiye da yadda ido yake ganinsa. Idan saman ta fito da dabbare-dabbare sai mai hoto ya ɗauki buroshi ya shafe ta da baƙin fenti a kan nagatif, ta fito fara tas a kwafi. Ki faɗaɗa hoton a waya ki bi bakin rufin gini ko kan itace, sau da yawa za ki ga inda hannun mai fenti ya ɗan zarce ya cinye wani reshe.

Mai Zanen Gine-gine ya amsa:

Assalamu alaikum. Baba mai hoto, Allah ya ƙara girma, ka gama da rabin maganar. Malama, ni zan ɗauki ɗaya rabin, wato bambancin gine-ginen, domin na taɓa yin wata uku a Rum wajen wani kwas kan gyaran tsofaffin gine-gine, kuma waɗannan hotuna suna cikin kayan aikin da aka koya mana dubawa. Abin da nake so ki fara gaya wa ɗalibai shi ne, hoton 1850 ba Rum ta zamanin Ƙaisar yake nunawa ba, Rum ta 1850 yake nunawa, gari ne da Fafaroma yake mulki, wanda kangayensa suka riga suka yi fiye da shekara dubu ana zama a cikinsu, ana ɗibar duwatsunsu, ana mayar da wasu majami'u wasu kuma shaguna. Abin da maziyarci yake gani a yau kuwa aikin masu tono ne da masu rushe-rushe na bayan 1870.

Dandalin Forum, wanda shi ne zuciyar mulki da shari'a da kasuwancin Rumawa, a wancan lokaci mutanen gari Campo Vaccino suke kiransa, wato filin shanu, domin ya daɗe yana zaman makiyaya da kara. Ƙasa da ɓaraguzai sun taru a kansa har mita da dama. Carlo Fea ya fara tono a gindin Ƙofar Septimius Severus a 1803, amma har zuwa lokacin masu hoton farko ramuka ne nan da can aka kewaye da katanga, sauran filin kuwa fili ne da layin itatuwa ya ratsa har zuwa Ƙofar Titus. Akwai wani abu da na tsaya na daɗe ina kallo a wurin: haikalin Antoninus da Faustina, wanda aka gina majami'a a cikinsa, ƙofar majami'ar mai launin kore a yau a rataye take can sama da matakalar Rumawa, ba mai iya shiga ta nan. Wannan ƙofa tana nuna daidai inda ƙasa ta kai lokacin da aka yi ta. Sojojin Italiya sun karɓe Rum daga hannun Fafaroma a 20 ga Satumba 1870, garin ya zama babban birnin ƙasa a 1871, kuma daga nan aka shiga tono gadan-gadan, daga Pietro Rosa har zuwa Giacomo Boni, wanda ya karɓi aikin a 1898 har ya riƙa sa a ɗauki hoton dandalin daga sama a cikin balan-balan na sojoji da aka ɗaure da igiya.

Kolosiyam, wanda sarki Titus ya buɗe a shekara ta 80, Fafaroma Benedict na 14 ya keɓe shi a tsakiyar ƙarni na 18 domin tunawa da Kiristocin da aka yi imani an kashe a ciki, shi ya sa kika ga gicciye da ƙananan ɗakunan ibada guda 14 a kewaye. Ciyayin da kika gani ba kaɗan ba ne, domin wani likita ɗan Ingila, Richard Deakin, ya ƙirga irin tsiro 420 a jikin ginin ya wallafa a 1855. Rosa ya sa an tuge su a 1871 saboda saiwoyinsu suna tsaga bango, a 1874 kuma ya kwashe ɗakunan ibadar domin ya tone ƙarƙashin filin. Ƙaramar dalar da ke kusa da Ƙofar Constantine kuwa ragowar wani famfon ruwa ne na Rumawa mai suna Meta Sudans, wanda ya tsallake ƙarni goma sha takwas yana tsaye, sai a 1936 gwamnatin Mussolini ta rushe shi domin buɗe hanya. A ganina wannan ɓarna ce da ba ta da uzuri, kuma ba don waɗannan tsofaffin hotuna ba da sai dai mu dogara da zanen hannu wajen sanin kamanninsa.

Irin waɗannan canje-canje ne ake ƙiyasta shekarun hoto da su idan ba a rubuta ba. Idan kin ga haikalin Pantiyon da ƙananan hasumiyoyi biyu a gabansa, to kafin 1883 ne, domin a shekarar aka sauke su. Idan kin ga karyayyar gadar kogin Tiber, Ponte Rotto, an haɗe ta da gaɓa da gadar ƙarfe, to tsakanin 1853 da 1887 ne, domin a 1887 aka rushe mafi yawanta aka bar baka ɗaya a tsakiyar ruwa. Ita kanta Ƙofar Titus da kika buga, kafin a ƙirƙiro hoto aka sake gina gefunanta, aikin da Giuseppe Valadier ya kammala a farkon shekarun 1820, kuma da gangan ya yi amfani da wani dutse daban wanda bai yi masa ado ba, domin mai kallo ya bambanta sabo da tsoho. A kwafi mai kyau ana iya ganin wannan bambanci.

Game da waɗanda suka ɗauki hotunan, yawancinsu masu zanen fenti ne da suka zo Rum neman ilimi suka juya zuwa kyamara. Wajen 1850 wasu daga cikinsu sukan haɗu a wani gidan shan gahawa mai suna Caffè Greco a titin Condotti, akwai Giacomo Caneva mutumin Padua, da Faransawa Frédéric Flachéron da Eugène Constant, da James Anderson ɗan Ingila. Robert Macpherson, mutumin Sikotland da ya karanta aikin likita, ya fara hoto a 1851 ya shahara da manyan kwafi. Kasuwarsu maziyarta ne masu kuɗi daga Ingila da Faransa da Amurka, waɗanda a da zanen Piranesi na ƙarni na 18 suke saye, shi kuwa Piranesi yakan kumbura gini ya ƙanƙanta mutanen da ke gindinsa, har wasu baƙi suka riƙa isowa su ga abin bai kai yadda suka zata ba. Hoto ya gyara wannan, amma ya gaji wuraren tsayuwar masu zane, shi ya sa za ki ga mutum goma sun ɗauki ginshiƙai ɗaya daga kusurwa ɗaya. Wanda ya sauya manufar shi ne John Henry Parker na Oxford, wanda daga tsakiyar shekarun 1860 zuwa 1879 ya ɗauki hayar masu hoto suka yi masa hotuna fiye da 3,000, ba don kyau ba sai don shaida: jeren bulo, da bakin magudanar ruwa, da ramin da ma'aikata suka buɗe yau za su rufe gobe. Ɗaya daga cikinsu, Charles Smeaton ɗan Kanada, da hasken maganiziyam ya ɗauki kaburburan ƙarƙashin ƙasa. Gobara ta cinye mafi yawan nagatif ɗin a 1893, kwafin takarda ne suka tsira.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Salamu alaikum. Ina gaishe da Baba, ina gaishe da Malam mai zane. Malama, ni ɗan gargaɗi zan ƙara, domin ina tsoron kada a tashi daga nan da zaton cewa tunda kwamfuta ba ta taɓa hoto ba, to duk abin da ke jikinsa gaskiya ne. Dutsen gaskiya ne, amma rubutun da ke ƙarƙashinsa ra'ayin mutum ne. Ginshiƙai ukun da ɗalibarki ta ɗaga, idan na tsakiyar dandali ne, a tsofaffin kwafi da yawa an rubuta haikalin Jupiter Stator, alhali yanzu an tabbatar na Castor da Pollux ne. Kewayayyen haikalin da ke bakin Tiber an daɗe ana ce masa na Vesta, yanzu kuwa masana na Hercules suke ɗaukarsa. Mutum guda da akan gani zaune a gindin ginshiƙi da doguwar hula, ba mai wucewa ba ne, aboki ne ko yaron mai hoto da aka zaunar aka ce kada ya motsa, domin a gane girman gini. Hotunan da aka rubuta wa cewa na farin wata ne, da rana aka ɗauke su aka duhunta a ɗakin wanki.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai daga Libiya yake. A 1895 da 1896 wani ɗan Ingila, Cowper, ya zaga tsaunukan Tarhuna da ke kudu maso gabashin Tarabulus yana ɗaukar hoton wasu dogayen duwatsu bibbiyu da aka gicciya wa na uku a kai, ya wallafa cewa wuraren tsafi ne na mutanen da suka rigayi tarihi. Hotunan ba su da aibi, ramukan da ke jikin duwatsun duk sun fito sarai, kuma waɗannan ramuka ne suka nuna cewa matsar man zaitun ce ta zamanin Rumawa, inda ake soka kan gungumen da yake danne 'ya'yan.

Na kawo Libiya ne kuma domin kada ɗalibai su ɗauka Rum ta tsaya a Italiya. Sarkin Rumawa Septimius Severus, mai ƙofar nan ta shekara ta 203 da ke cikin Forum, a Leptis Magna aka haife shi, gabas da Tarabulus. Heinrich Barth, da ya taso daga Tarabulus a 1850 ya biyo ta Fezzan da Agadas ya shiga Kano a farkon 1851, ya wuce kaburburan Rumawa a kan hanya har zuwa Jarma, amma da fensir ya zana su, sannan wani mai zane a Jamus ya ƙawata zanen kafin a buga. A daidai wannan lokaci Maxime Du Camp yana ɗaukar haikalin Ba'alabak na Labanan da nagatif na takarda, Édouard Baldus kuma gwamnatin Faransa ta aike shi a 1851 ya ɗauki gine-ginen Rumawa na kudancin ƙasar. Ni a Aljeriya na yi karatu, kuma na je Timgad, garin da sarki Trajan ya kafa a shekara ta 100, na taka titunansa inda sawun ƙafar keken doki ya ci dutse har yau. Kafin Faransawa su fara tono a farkon shekarun 1880, ƙofar Trajan da 'yan ginshiƙai ne suke leƙowa daga cikin ƙasa. Abin da yake sosa mini rai a hotunan mulkin mallaka na irin waɗannan wurare shi ne yadda ake tsayar da mutumin ƙasar da alkyabbarsa a gindin gini a matsayin ma'auni, ba suna ba labari, alhali masu mulkin suna gabatar da kansu a matsayin magadan Rumawa da suka dawo ƙasarsu. Ya kamata yara su koyi tambayar wanda ya biya kuɗin hoto da abin da yake so a gani.

Duk da haka ba na rage musu daraja. Hotunan da hafsan sojan ruwan Faransa Louis Vignes ya ɗauka a Tadmur ta Siriya a 1864 suna nuna haikalin Bel da na Baalshamin, waɗanda 'yan ƙungiyar IS suka tarwatsa da nakiya a watan Agusta na 2015.

Malamar Tarihi ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ƙara ilimi mai amfani. Baba, na bi shawararka na faɗaɗa hoton Forum a waya, kuma a gefen hagu, kusa da wata katanga, na ga wata inuwa mai kama da hayaƙi wadda a da na ɗauka datti ne, ashe amalanke ce, ƙafafunta sun fito sarai amma dabbar da ke janta ta narke, ƙafafun dabbar kawai ake iya ƙirgawa. Wanda rubutunsa ya juye kuma toka-toka ne kamar yadda ka faɗa. Malam mai zane, na duba hoton Kolosiyam na ƙirga ɗakunan ibada biyar da suka shigo cikin hoton. Na yanke shawarar ba zan ba ɗalibai amsa kai tsaye ba, zan ajiye tsohon hoto kusa da sabo in bar su su nemo bambancin da kansu. Tambayata ta ƙarshe ita ce, kwafin da na buga ya yi duhu har inuwar nan ba ta fito ba, ko akwai yadda zan yi su gan ta?

Tsohon Mai Hoto ya sake amsawa:

Madalla, 'yata, wannan amalanke ita ce amsar ɗalibarki, kuma ita ya kamata ki fara miƙa wa takardar. Kada ki buga daga kwafin da ake yawo da shi a Facebook, domin an matse shi har ƙananan abubuwa sun ɓace. Ki nemi hoton a shafin gidan tarihin da yake ajiye da shi, irin su Getty ko Metropolitan na Amurka, waɗanda suke barin a sauke manyan kwafi na tsofaffin hotuna kyauta, a can ne kuma za ki sami sunan mai ɗauka da shekara da irin maganin da ya yi aiki da shi. Ki kai wa mai wankin hoto maimakon mai fotokwafi, ki ce ya yi miki a takarda marar ƙyalli, kada ya ƙara baƙi, kada kuma ya mayar da shi baƙi da fari, domin a cikin launin ƙasa-ƙasan nan ne inuwar take zaune. Ki sa ya yanko kusurwar da amalanken take ya faɗaɗa ta a takarda daban.

Idan kina so su fahimci dogon jiran da jikinsu, ki fitar da su fili da safe, ki tsayar da ɗaliba ɗaya a jikin bango ki ce kada ta motsa har minti biyar a agogo, sauran kuma su yi ta kai da kawowa a gabanta. Idan lokaci ya cika sai ki tambaye su wa farantin Daguerre zai kama a cikinsu. Ki zaɓi wurin da rana ba ta dukan idonta, kuma ki ba ta abin da za ta jingina kanta, domin masu hoton wancan zamani ma da ƙarfe suke tokare ƙeyar wanda suke ɗauka.